Yarinyar da Kanti Ya Saya

Jan fenti ne ya tayar mani da wannan magana. Ranar kasuwa na fita da tsintsiyata kamar yadda na saba, sai na tarar an bi tsofaffin kantunan nan na bakin hanya ɗaya bayan ɗaya an gicciya masu ja a bango, har da na ƙarshen layi, wanda nake share wa baranda tun 'ya'yana na ƙanana. Na tambayi mai facin babur da ke aiki a gindin itacen bedin wurin, ya ce, "Hajiya, ai rushewa za a yi. Bene za a ɗora, shaguna sama da ƙasa, da gilashi da wuta." Da murna ya faɗa, ban kuma ga laifinshi ba, magidanci ne da rana ta daɗe tana duka, inuwa yake nema. Ni dai na juya na koma barandar. Na zauna a dakali da tsintsiya a cinya, ina kallon jan fentin nan yana tsiyaya kamar an yanka wani abu.

Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, inda aka koya mana haɗa baƙi da wasali a zauren mai unguwa. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri. Ina so ne a san abin da ke cikin kangon nan kafin katafila ta taka shi.

Daga wani ƙauye na ƙasar Safana aka kawo ni Batsari, a shekarun da ake cewa Turawa suna haɗa kayansu. Gidanmu yana bayan layin kanti, katanga ɗaya ta raba mu. Da yake matan aure ba ma fita da rana, da kunne na fara sanin kantunan nan kafin in san su da ido. In kaka ta yi, tun kafin rana ta yi zafi za ka ji jakai suna kuka, sun shigo da gyaɗa daga Wagini da Yasore da ƙauyukan bakin daji. Ka ji 'yan dako suna waƙa suna jifa da buhu, ka ji ƙarfen sikeli yana ƙwal, ƙwal, mai awo ya ɗaga murya, mai kaya ya rantse ya ce an rage mashi, a yi dariya a sake ɗorawa. Can gefe keken tela yana ta tatata ba hutu, sai in ladan ya kira. Iska in ta juyo ta kawo mana warin kananzir da ƙamshin sabuwar atamfa da sabulu, duk a cakuɗe, har yau in na ji ƙamshin sabon yadi sai in ga katangar nan. Mu kuma a ciki muna namu aikin, mu ɓare gyaɗa har yatsu su yi kanta, mu soya, mu daka, mu matse mai, mu murza ƙuli-ƙuli. Gari gaba ɗaya gyaɗa yake wari. Uwar mijina, wadda muke ce wa Iya, in ta ji motar gyaɗa ta tashi tana nishi da lodi sai ta ce, "Kun ji hanjin gari yana motsi. Ranar da kuka ji shiru, ku nemi mai magani."

Yanzu ko'ina shago ne. Kowa ya fasa katangar gidanshi ya sa ƙofar ƙarfe, komai kuma a ƙunshe cikin leda, ba ka jin ƙamshin kaya balle ka taɓa. Mai shago kanshi na kan waya, ya miƙo maka ba tare da ya dube ka ba. A da kanti wuri ne da ake zuwa a zauna. A barandarshi ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu, nan Fulani ke ajiye sandunansu su sayi gishirin shanu, nan ake sasanta mutum biyu kafin magana ta kai gaban alƙali. Bangonshi kauri gare shi kamar ganuwa, rufinshi kwano ne a lokacin da duk garin ciyawa ce da soro. Mu a ganinmu, in akwai abin da ba zai taɓa tashi ba a duniya, to kanti ne.

Na haihu sau biyu, duka ban yaye ba. Na farko ko suna bai kai ba. Na biyu har ya fara zama, yana kama mani ɗan kunne yana dariya, zazzaɓin yini biyu ya tafi da shi. Daga nan mata suka fara faɗin kalmar nan a bayana, wabi, mai haihuwa ana binnewa. Ba da mugunta suke faɗi ba, amma na lura mai jariri in na shigo sai ta gyara goyonta. Da na haifi ta uku, mace, ban yi murna ba, tsoro na yi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake. In tana barci sai in tsinko zaren auduga in kai bakin hancinta in ga ko zai motsa. Tuwo ya sha ƙonewa a hannuna saboda na bar murhu na koma duba ta. In ta yi kuka in ji tsoro, in ta yi shiru in fi jin tsoro.

Iya ta gaji da ganina haka. Ta zauna da ungozoma suka yi shawara, sannan ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Abin da ke bin ki yana ɗauke maki ɗiya, naki yake nema. Na wani ba ruwanshi da shi. Wasu kan kai juji su ajiye wata ta tsinta, amma ni ban yarda da juji ba, kowa na iya tsinta. Sayar da ita za mu yi." Na ce, "Iya, wa za a sayar ma wa?" Ta ce, "Ba mutum ba. Mutum mutuwa yake. Kanti za mu sayar ma wa." Maigidana da aka gaya mashi, sai ya ɗauki fartanyarshi ya fita. Shi ma ya ɗauki ƙananan gawa biyu a hannu, ya san nauyinsu.

Kantin ƙarshen layi yana hannun wani tsoho Banufe, mutumin Bida, ya daɗe a garin har Hausarshi ta fi ta wasu, sai dai harshen bai gama miƙewa ba. Baba Nufe kowa ke ce mashi. Kun san tsakanin Katsinawa da Nufawa wasa ne, kowa na cewa ɗan'uwanshi bawanshi ne, to shi kullum bakinshi bai hutawa. Ranar da na yi arba'in, ranar da aka yarda mai jego ta fita gaishe-gaishe, Iya ta sa ni gaba muka zagaya ta bakin hanya. Ran nan na fara ganin abin da na shekara ina ji. Sikelin faffaɗan ƙarfe ne a ƙasa mai ɗaukar buhu, da dogon hannu a tsaye, da wani dunƙulen ƙarfe da ake turawa.

Yana hango mu ya ce, "A'a! Yau bayina sun tuna da ubangidansu. Ku durƙusa da kyau."

Iya ta ce, "Kai dai Banufe ba ka da ta ido. Bawa ya samu sikeli ya manta wanda ya saye shi. Kaya muka kawo maka."

"Gyaɗa ko auduga?"

"Wanda ya fi su."

Ya dubi bayana, ya dubi fuskata, sai dariyar ta sauka daga fuskarshi. Ba wanda ya yi mashi bayani. Ashe su ma a ƙasarsu sun san irin wannan. Ya kakkaɓe wani buhu ya ninka ya shimfiɗa a kan ƙarfen, ya yi bisimilla ya karɓe ta da hannu biyu ya kwantar. Ya tura dunƙulen, ya dawo da shi, ya sake turawa, hannun sikelin da ƙyar ya ɗaga kai. Sanyin wurin ya taɓa ta, ta callara kuka.

Ya ce, "Kun ji ko? Bakatsina ce ta gaske. Ba nauyi, sai baki."

Ya shiga ciki ya auno gishiri mudu guda, ya yi mashi tozo har yana zuba, ya juye a ƙwaryar Iya. Ya kira tela da wani ɗan dako ya ce, "Ku shaida, yau kanti ya sayi baiwa, ciniki ya faɗa." Sannan ya ɗauke ta ya miƙo mani. "Ke kuma raino na ba ki. Ki kula mani da kaya. Duk ranar kasuwa a kawo ta in ɗora, in na ga kin rage mani ita, ni da ke ne."

Gishirin nan a miya muka cinye shi, gidan gaba ɗaya, don kada a ce ciniki bai kammala ba. Iya ta kafa mani doka: kada bakina ya kuskura ya ce tawa ce, ko a gaban mutane ko ni kaɗai, don ba a san mai saurare ba. Sunan yanka yana nan, amma Takanti ya bi ta. Da ta fara magana aka koya mata ta ce mani Gwaggo.

Ta rayu. Duk ranar kasuwa Iya ta saɓa ta a kafaɗa ta zagaya, ni kuma in manna kunne a katanga. In ji Baba Nufe yana cewa, "Ina baiwata? Kai, mai rainon nan ta fara tsoron Allah, kaya sun ƙaru." Wannan kalma ita ce abincina na mako. Yanzu asibiti ake kai yara a ɗora a sikeli a gaya wa uwa, mu namu asibitin ke nan. Ta yi rarrafe, ta yi tafiya, har ta kai tana zagayawa da ƙafarta ta hau ƙarfen ta tsaya ƙiƙam, ya ba ta ƙwayar suga ta dawo tana tsotsa. Bayanta na haifi maza biyu, suka zauna ba tare da an sayar da kowa ba, Iya ta ce ita ce ta tare ƙofa. Su suna ce mani Inna. Wata rana ina tankaɗe ta zo ta jingina da bayana ta ce, "Gwaggo, ni ina tawa Innar?" Na ce ta je ta kore mani kaji daga shanya. Garin da na tankaɗe ran nan sai da na sake shanya shi.

Ba rana ɗaya kantunan suka mutu ba, shi ya sa ba wanda ya yi masu kuka. Fari ya zo, ya sake zuwa. Shekarar da aka samu ruwa kuma gyaɗa ta kuturce, ganye ya murɗe, ka tuge ka ga ba komai a ƙasa. A daidai nan aka ce ƙasa ta samu arzikin mai. Aka canza kuɗi, aka ƙara wa ma'aikata albashi, motoci suka yawaita a hanyar Katsina. Wanda ya samu abin hannu ba ya tsayawa layin kanti, mota yake hawa ya je birni ya dawo da rediyo da katifa da kwanonin da ba mu taɓa gani ba. Wanda bai samu ba kuma ba shi da abin kawowa sikeli. Samari suka ajiye fartanya suka bi aikin hanya da gini. Mai kantin yadi ya fara rufewa, sai na kusa da shi. Ranar da na ankara na daina jin keken tela, na tambaya aka ce ai ya yi wata biyu da komawa Kaduna. Jakai suka daina kuka da safe. Awaki suka gaji barandu, jemagu suka gaji rufi. Iya, da idonta ya fara dushewa, ta kan karkata kai wajen katanga ta daɗe, sannan ta ce, "Shirun nan fa?" Maigidana ma ya bi sahu, ya samu aiki a masaƙa a Kaduna, ya ce in ya zauna da gindinshi zai zo ya ɗauke mu. Layin gaba ɗaya ya rage Baba Nufe kaɗai, yana sayar da ashana da gishiri, sikeli na kwana ba a ɗora mashi komai sai yarinya ɗaya.

Da bazarar wata shekara, lokacin Takanti ta fara famfara, baƙon dauro ya shigo gari. Unguwarmu kaɗai an fita da yara ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya kama ta. Jiki kamar garwashi, idanu sun manne, ƙurajen sun ƙi fitowa, kuma tsofaffi sun ce in ya ƙi fitowa waje ciki yake ci. A cikin kwanakin nan maƙwabciya ta shigo da labari: Baba Nufe na haɗa kaya zai koma Bida, har wani Alhaji ya zo daga Katsina zai sayi sikelin. Iya tana zaune a bakin gado tana yi wa yarinyar fifita. Hannunta ya tsaya. Ta ce, a hankali kamar ba da ni take ba, "Mai kaya in zai tashi, ko ya tafi da kayanshi, ko ya mayar ma mai su."

Rana na tsaka na ji shi ta katanga, ƙarar ƙarfe ana jan shi a kan siminti. Ban san lokacin da na fita ba. Ba takalmi, ba izinin kowa, zanen da na yafa ma na shanya ne, da ɗanyenshi. Na zagaya da gudu na tarar ƙarti huɗu sun ɗaura wa sikelin igiya sun jawo shi bakin baranda, mota na jira. Ni da ko muryata maza ba su sani ba, na ratsa tsakiyarsu na hau kan ƙarfen na zauna.

Suka saki igiya. Ɗaya ya ce, "Subhanallahi, matar wa ce wannan?" Alhajin ya yi dariya ya ce, "Baba, ita ma cikin cinikin take?"

Baba Nufe ya fito daga ciki, ya tsufa ƙwarai a lokacin, rigar ta yi mashi yawa. Ya ce, "Mai raino, me ya fito da ke da ranar Allah haka?"

Na ce, "Baba, kayanka na kwance, ba ta buɗe ido. In ka tahi, wa ka bar ma ita?"

Ya ce, "Allah na nan, ɗiyata."

Na ce, "Ranar da aka fita da biyun ma yana nan."

Allah ya yafe mani wannan kalma, zafi ne ya faɗe ta. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafafuna da ƙasa ta ƙona. Kowa ya san da abin da zai samu a sikelin nan zai yi guzuri, ba shi da wani abin sayarwa da ya rage. Ya juya ya ce, "Alhaji, a kwance igiya."

Alhajin ya ce, "Haba Baba, ai ka sallama!"

"Ƙarfe na sallama. Ban san da kaya a kai ba."

"Wannan ai wasan yara ne. Dattijo da kai?"

"To ni Banufe ne, me ka sani? Ka je ka ba da labari a Katsina, ka ce ubangidanku ya yi maka rowa."

Alhajin ya shiga motarshi yana faɗa. Baba Nufe ya sa aka mayar da sikelin ciki inda yake. Sannan ya tsuguna nesa da ni kaɗan, ya ce, "Saurara. Tun da kike jin aikin nan ta katanga, kin taɓa jin gyaɗar da ta hau sikeli ta koma gidan mai ita? Ba a yi. Kuma ba ni na saye ta ba, kanti ya saya, ni ma tsaro aka ba ni. Zan tafi, kanti na nan. Sai dai kanti in ba mai share shi, kango ne. Duk ranar kasuwa ki zo ki share barandar nan, kowa ya gani ya san wurin da mai shi." Ya biyo ni har zaure, aka fito mashi da ita, ya yi addu'a ya tofa. Bayan kwana kaɗan ya tafi a bayan motar hatsi, zaune kan buhuna da ƙullin kayanshi a cinya. Ba mu ƙara jin labarinshi ba.

Washegarin ranar da na hau sikelin ƙurajen suka feso, jiki duk ya yi kamar an watsa dauro. Ta buɗe ido ta nemi koko. Masu ilimi za su ce lokacin fitowarsu ne ya yi, ban musa ba.

Da Sallah maigidana ya zo da murna, ya kawo mana yadin da aka saƙa a wurin aikinsu. Ya ce, "Ku shirya. Na kama ɗaki da famfo a tsakar gida, da lantarki." Na ce, "Wa zai share kanti?" Ya ɗauka wasa nake. Da ya ga ba wasa ba ne ya ce, "Saboda kango za ki bar mijinki yana cin abincin kasuwa?" Na ce ya yi haƙuri. Ya yi fushi ya koma, ya huce ya dawo, ya sake tambaya, na sake ba shi haƙuri. Haka muka yi aurenmu, daga Sallah sai Sallah, yaran suka girma suna ganin ubansu kamar baƙo mai tsaraba. Ban taɓa ganin Kaduna ba. Sai da masaƙar ta tsaya ya dawo gaba ɗaya, da tari a ƙirji da furfura. Wata ranar kasuwa ya ga na ɗauki tsintsiya, ya yi murmushi ya ce, "Je ki. Naki kangon ya fi nawa amana, ko ba komai bai sallame ki ba." Iyakar gorin da ya taɓa yi mani ke nan har Allah ya karɓi abinshi.

Takanti yanzu tana Katsina, ita ma da jikoki. Har yau Gwaggo take ce mani. Nakan ji wa'azi a rediyo ana cewa irin abin da muka yi camfi ne, mai rayawa da kashewa ɗaya ne, in gyaɗa kai don na san gaskiya ne. Kai ya yarda, amma ranar kasuwa hannu ke neman tsintsiya. Ga shi 'yan shekarun nan ba ta da lafiya, jininta na hawa, ƙafafu na kumbura, likita ma ya hana ta gishiri. A watan da aka kwantar da ita asibiti ta fito, a watan aka shafa jan fentin nan. Na sa jikana ya kira mani ita na gaya mata. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Gwaggo, Banufen nan ya daɗe da zama ƙasa. Ki bar kango ya huta, ke ma ki huta. In sun gina sabo sai in zo in kama shago in sayar da lalle."

Ita abin dariya ne a wurinta, don ba ta ga ƙafafun yayyenta a cikin tsumman likkafani ba.

Kantin yanzu rabin kwanonshi iska ta kwashe. Ba kowa a layin sai mutanen da suka baro ƙauyukan bakin daji, abin da ya koro su kowa ya sani, sun rataya buhuna a madadin ƙofa. A namu wata yarinyar mace ce daga wajen Wagini, da goyo, da tsohuwar uwarta. Sikelin na nan a lungu ya yi tsatsa, a kanshi suke ɗora tukunya. Masu magana a gindin bedi sun kasu. Wasu sun ce bayan damina za a fara, gari zai yi kyau, samari su samu abin yi. Wasu sun ce fenti ne kawai, an sha shafawa. Wasu sun ce ko an gina, masu shi daga birni za su zo. Ban ji wanda ya ce ga inda masu buhunan nan za su koma ba. Ni kuma abin da ke cina daban ne. Maganar Iya ke dawo mani: ko ya tafi da kayanshi, ko ya mayar. Katafila ba ta tafiya da kaya, ba ta kuma mayarwa. Turewa take yi. In ta ture, Takanti za ta tashi ba ta kanti ba, ba ta kowa ba, a fili, kamar kazar da aka rushe wa akurki.

Na yi makonni ina juya abin. Ranar kasuwar da ta wuce na shiga wajen masu awo na ce a ba ni gishiri mudu guda. Mai kayan ya miƙo mani na leda, na ce a'a, ya farke ya auna mani a mudu, ya yi mashi tozo. Na ɗauko a ƙwarya na nufi ƙarshen layi. Na yi shara tukuna, lungu da saƙo, har inda ban saba kaiwa ba. Na roƙi yarinyar nan mai goyo ta sauke tukunyarta, na kira mai faci. Ya zo yana goge hannu yana cewa, "Hajiya, lafiya?"

Na ɗora ƙwaryar a kan ƙarfen. Hannun sikelin bai motsa ba, tsatsa ta riƙe shi. Na ce, "Ku shaida." Na dubi ƙofa, na dubi rufi inda rana ke shigowa, kamar mai duba ko akwai wani a laɓe. Na ce, "Ku shaida, na mayar ma kanti gishirinshi. Na karɓi ɗiyata."

Mai faci bai gane ba, amma ya ce, "Mun shaida." Yarinyar ta gane, su mutanen ƙauye ba su manta ba. Ta juyo da goyonta gaba, wani ɗan abu ne ƙashi da fata, ta ce, "Kaka, dama ana sayar ma kanti yaro shi zauna?"

Na dubi jan fentin da ke bango. Na ce, "Da ana yi. Ki nemi wuri mai ƙarko."

Ta ce, "Ina ne?"

Na ce ta juye gishirin ta yi miya, na bar mata tsintsiyar.

Da na koma gida na sa aka kira Katsina. Ta ɗauka ta ce, "Gwaggo, ina wuni?" Na ce, "Ɗiyata, ya jikin?" Shiru. Na ɗauka layin ne ya yanke, har na miƙa wa jikana ya duba. Sai na ji numfashinta. Ta ce, da wata ƙaramar murya da rabona da ji tun tana jingina da bayana, "Sake faɗi."

Katafila ba ta zo ba har yanzu. Wataƙila bayan damina, wataƙila ba za ta zo ba sam, ya zama na yi gaggawa. Ban sani ba. Abin da na sani, yanzu ba bango tsakaninta da abin da nake tsoro, daga Allah sai ni, ni kuwa tsohuwa ce. Kullum da safe in na idar da salla sai in sa a kira ta. Wayar ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara, ni kuma ina riƙe da ita a kunne da hannu biyu, ban numfashi, kamar ranar da nake kai zaren auduga bakin hancin jaririya ina jira ya motsa.